Masaukin Hurumzi na Zanzibar: gidan wa ne, kuma me ya hana shi faɗuwa?

Malam Nasiru, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. A makon jiya mun tsaya a kan tsofaffin gidajen Unguwar Sarki da na cikin birnin Zariya da magada ke sayarwa a rushe a kafa shaguna. Injiniya Kabiru ya kawo misalin wani masauki a tsibirin Zanzibar wanda tsohon gidan attajiri ne aka gyara, lokaci bai bari ya yi bayani ba. Ina roƙon masu sani su warware mana: wa ya gina shi, wa ya mayar da shi masauki, kuma da me aka gyara shi har yake tsaye.

Dakta Hauwa, Malali:
Wa alaikumus salam Malam. Gidan yana unguwar Hurumzi cikin tsohon birnin Zanzibar, wanda su mutanen can ke kira Mji Mkongwe, a tsibirin Unguja. Daga Darussalam tafiyar kamar awa 2 ce a jirgin ruwa mai sauri. Asalin gidan ana danganta shi da Tharia Topan, attajiri Ba'indiye ɗan ɗariƙar Isma'iliyya, wanda ya riƙe harajin kwastan a zamanin Sultan Barghash (1870 zuwa 1888). Turawan Ingila sun ba shi lambar Sir a 1890, ya rasu a 1891. Shi ne kuma ya aza harsashin babban ginin nan na bakin teku da ake kira tsohon ɗakin shan magani a 1887, bai ga kammaluwarsa ba, sai a 1894 aka gama.

Abin da ya juya tarihin irin waɗannan gidaje shi ne juyin juya halin 12 ga Janairu 1964. An kifar da sarautar, Larabawa da Indiyawa da yawa an kashe wasu, wasu sun tsere, gwamnati ta karɓe gidajen da aka bari ta zuba 'yan haya. Gidan da aka gina wa iyali ɗaya da barorinsu sai ga iyalai da dama a ciki, kowa da ɗakinsa, haya 'yar kaɗan, ba wanda rufin ke wuyansa. A watan Afrilun shekarar aka haɗe da Tanganyika aka sami Tanzaniya. Shekara ashirin ana haka. Da farashin kanumfari ya faɗi, kuma Ali Hassan Mwinyi ya hau mulkin Zanzibar a 1984 ya sassauta harkar kasuwanci, sai aka fara waiwayar baƙi 'yan yawon buɗe ido.

A nan ne Emerson Skeens ya shigo. Ba'amurke ne, ya zo Zanzibar a 1989, ya fara da ƙaramin masauki a wani tsohon gida, daga baya shi da abokin kasuwancinsa Thomas Green suka gyara gidan Hurumzi suka sa masa Emerson & Green. Da suka raba gari aka koma kiran wurin 236 Hurumzi, shi kuma ya gyara wani gidan ya buɗe Emerson Spice. Ya rasu a 2014. Yanzu gidan Hurumzi ya sake ɗaukar sunansa.

Aminu, Rigasa:
Dakta, na karanta cewa sunan Hurumzi daga "huru mzee" ya fito, wato 'yantaccen tsoho a Swahili, wai a gidan ne Topan yake biyan iyayen giji diyya su 'yanta tsofaffin bayi. Gaskiya ne?

Dakta Hauwa, Malali:
Labari ne da masu zagayawa da baƙi ke bayarwa, amma ka auna shi da shekaru. Yarjejeniyar 1873 kasuwar bayi ta rufe da fataucinsu ta teku, ba ta 'yanta waɗanda ke hannu ba. Dokar da ta soke matsayin bauta tare da biyan diyya ta 1897 ce, lokacin Topan ya yi shekara 6 a kabari. Ko da an yi wani biya a gidan, ba da hannunsa aka yi wannan ba. Mai masauki yana son labari mai daɗi don baƙo ya ƙara kwana, mai tarihi kuwa dole ya tambayi takarda.

Injiniya Kabiru, Barnawa:
Bari in shiga wajen ginin, don a nan darasin yake gare mu.

Bangon waɗannan gidaje ba bulo ba ne. Gutsattsarin dutsen murjani ne da ake haƙowa a tsibirin, a ɗaure shi da kwaɓin farar ƙasa da yashi da jar ƙasa. Kaurin bango a ƙasa yakan kai rabin mita ko fiye, yana raguwa in ana hawa. Daɓen bene kuwa a kan sandunan wani itacen bakin teku ake aza shi, suna kiransu boriti. A jera su kusa da kusa daga bango zuwa bango, a shimfiɗa duwatsu a kai, a zuba kwaɓin farar ƙasa a daɓe. Tsawon sandar shi ke yanke faɗin ɗaki, shi ya sa ɗakunan ba su cika wuce mita 3 da 'yan kai a faɗi ba, sai dai su yi tsawo da tsayin sama. In kaurin daɓen ya kai santimita 30, kowane murabba'in mita zai doshi rabin tan. Duk wannan nauyi yana kan ƙarshen sanduna da ke binne cikin bango.

To, yadda gidan ke mutuwa ke nan, bi da bi. Kwanon rufi ya huje ko indararo ya toshe. Ruwa ya sauka kan bango ya bi cikinsa. Ƙarshen sandar da ke binne ya jiƙe, ba iska, ya ruɓe, gara ta ƙarasa. Daga ƙasa in ka ɗaga kai sandar lafiya lau take, don tsakiyarta a bushe take. Ranar da uku ko huɗu a jere suka saki, daɓen ya rufto kan na ƙasa, shi ma ya rufta, bangon da sandunan ke riƙe da shi ya buɗe waje. Binciken da aka yi wa tsohon birnin a farkon shekarun 1990 ya ƙirga gine-gine kimanin 1,700, kuma fiye da 80 sun riga sun rushe cikin shekara 10 kafin nan. Ko Baitul Aja'ib, gidan da Barghash ya gina a 1883, wani ɓangarensa ya rufta ranar 25 ga Disamba 2020.

Alhaji Tanko Magini, Zariya:
Injiniya, wannan ai bayanin soronmu ka yi, sunaye kawai suka bambanta. Boritinsu ita ce azararmu. Azara daga giginya ake tsaga ta, tana jure wa gara, amma gajeriya ce wajen ɗaukar nauyi: in ba a yi dabara ba taƙi shida ne iyakarta, wato ƙasa da mita 2. Shi ya sa magina ke fito da azara daga bango hawa-hawa don a rage tazarar, in ɗakin babba ne a ɗaura bakan gizo. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Malam Mikaila ya gina a shekarun 1830 da wannan hikimar aka yi shi. Kuma soro ma ta sama yake mutuwa. In ba a bi rufin da yaɓe kafin damina ba, in indararo ya karye ruwa na bin bango, shekara biyu ta isa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu da wani sashe na masallacin ya rufta a Agustan 2023.

Malam Nasiru, Tudun Wada:
Amin Baba. To Injiniya, da aka zo gyara, ba sai a zuba rodi da kankare a huta ba?

Injiniya Kabiru, Barnawa:
Nan ne ake gudun gara a faɗa gidan zago, Malam. Siminti shi ne babban makashin irin wannan gini, kuma dalili uku ne.

Dutsen murjani kamar soso yake, yana shan danshi daga ƙasa da iskar teku, danshin kuma da gishiri a cikinsa. Shafen farar ƙasa yana barin danshin ya fita, gishirin ya taru a fatar shafen, shafen ya lalace a hankali, a kankare a sake. Wato shafen ne ke mutuwa a madadin bango. In ka shafe da siminti ka kulle ƙofar fita. Danshin sai ya hau sama yana neman hanya har ya kai ga ƙarshen sanduna, gishirin kuma ya ƙanƙare a bayan simintin yana cin dutsen. Bayan 'yan shekaru ka ƙwanƙwasa ka ji fanko, ka ɓamɓare ka tarar da gari.

Sannan tsohon bango yana motsi kaɗan-kaɗan da zafi da sanyi. Farar ƙasa tana bin sa, siminti kuwa ƙaƙƙarfa ne, sai ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa mafita. Na ukun, rodi a bakin teku: gishiri na kaiwa gare shi, ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura ta ninka girman ƙarfen, ta fasa kankaren daga ciki. Fentin mai da fentin roba su ma ƙulle bango suke yi, duk hukuncinsu ɗaya.

Gyaran da ya karɓa sunansa ga tsarinsa. Rufi tukuna, kafin a taɓa komai. A sauya kwanon da ya huje, a gyara indararo, a sa bututun da zai kai ruwan ƙasa nesa da gindin bango. Ku lissafa: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 200, ruwan milimita 50 na dare ɗaya, lita 10,000 ke nan. In kashi ɗaya cikin goma ya bi bango, lita 1,000 ta shiga. Bayan rufi a tokare daɓe daga ƙasa, tun daga ƙasan farko har sama, tokara a kan tokara. A bi kowace sanda a soka wuƙa a ƙarshenta inda ta shiga bango. Wadda wuƙa ta nutse a cikinta a cire, amma ɗaya bayan ɗaya, ba a cire biyu maƙwabta rana ɗaya. Sabuwar ta shiga bango aƙalla santimita 20, a shafe ƙarshenta da maganin gara, a cike da kwaɓin farar ƙasa. Sai a ɓamɓare duk simintin da aka taɓa shafawa da guduma da kurfi, ban da injin da ke girgiza bango, a bar ginin ya sha iska wata da watanni kafin sabon shafe. Mai gaggawa a wannan matakin shi ke yin aikin sau biyu.

Aminu, Rigasa:
Farar ƙasar da ake shafa wa dakali da gindin bishiya? Ita za ta riƙe bene hawa uku?

Alhaji Tanko Magini, Zariya:
Ɗana, wadda ka sani ruwanta ne kawai. Ta gini ana ƙona dutsen ne a wuta mai tsanani, zafin ya kai wajen digiri 900, ya fito fari mara nauyi. Wannan ɗanyar tana da haɗari. Ita ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba mata ruwa, don tafasa take yi tana fantsama, in ta shiga ido sai makanta. A sa tabarau da safar hannu. In ta huce a tace, a zuba a rami, a bar ruwa taƙi ɗaya a samanta kada iska ta taɓa ta, ta kwana aƙalla wata 3. Iya daɗewarta iya kyanta, sai ta koma kamar man shanu. In ta buhu ce wadda aka riga aka kashe da ruwa, a jiƙa ta ko da kwana biyu ne, sati ya fi.

Kwaɓi: kwano 1 na farar ƙasa, kwano 3 na yashi mai kaifi wanda aka wanke. A can dole a wanke, don yashin bakin teku gishiri ne. A jiƙa bangon kafin shafe. Kowane hawa kada ya wuce santimita 1, a karce fuskarsa, a bar shi kamar sati kafin na gaba. Farar ƙasa ba bushewa take yi ta yi ƙarfi ba, iska take sha a hankali ta koma dutse, saboda haka in rana ta busar da ita da wuri sai ta zama gari. A rataya jiƙaƙƙen buhu a gabanta ana yayyafa ruwa safe da yamma. A ƙarshe a bi da ruwan farar ƙasa mai tsinkewa kamar madara, hawa 4 ko 5, ɗaya a rana. Mai kauri tsagewa yake yi ya zube.

A nan Kaduna abin tsoro shi ne hunturu. Iskar Disamba da Janairu za ta shanye shafen cikin awa biyu. Ƙarshen damina, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, shi ne lokacinsa. Ginin ƙasa kuwa ba ma sai an je ga farar ƙasa ba, muna da namu: makuba daga ɓawon ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Aikinsu ɗaya da nasu, su tare ruwa su bar bango ya yi numfashi. Yaɓa siminti a kan tubali kuwa, duk wanda ya zaga birnin Zariya ya ga yadda yake ɓallewa falle-falle da rabin bangon a bayansa.

Yusuf Mai Famfo, Kawo:
Baba da Injiniya, ku ba ni dama, akwai abin da ba a taɓo ba kuma shi ke kashe gidan bayan an gama gyara. Topan bai gina gidansa da banɗaki a kowane ɗaki ba. Masauki kuwa dole kowane baƙo da nasa. Ruwan da aka kore ta sama sai a shigo da shi ta bututu.

Ɗauki ɗaki 12, mutum biyu-biyu, kowa lita 200 a rana da wanka da wanki da kicin: lita 4,800 kullum tana yawo cikin bangon da ba ya son ruwa. Ka'idojin su ne: a jera banɗakuna ɗaya a kan ɗaya, bututu ɗaya ya sauka ta tsakar gida a fili inda ido ke gani. Ba a tsaga tsohon bango a binne bututu, don ranar da gwiwa ta fara ɗiga ba mai sani sai sandar ƙasa ta ruɓe. Ƙasan banɗaki a ɗaga shi, a shimfiɗa abin hana ruwa ya hau bango santimita 15, a toshe magudana a cika ruwa a bari kwana 2 ana duba silin na ƙasa kafin a sa tayil. Bututun bayan gida mai inci 4 gangarensa ɗaya cikin 40. In ya cika kwanciya ya toshe, in ya cika tsayuwa ruwa ya gudu ya bar ƙazanta.

Tanki kuma: lita 1,000 tan ɗaya ce cif. Ba a ɗora shi tsakiyar daɓe, sai a kan mahaɗar bango biyu masu kauri, da tire a ƙarƙashinsa da bututun ambaliya da ke fita waje. Babbar ma'ajiya a ƙasa, famfo ya riƙa turawa sama kaɗan-kaɗan. Na'urar sanyaya ɗaki ma a wuri mai laima tana iya zubar da lita 10 zuwa 20 a rana, in aka bar robarta na ɗiga a jikin bango, indararon da ya karye ne aka sake kafawa. Sukurori da maƙalai kuwa in ba na ƙarfe mara tsatsa ko tagulla ba, iskar teku za ta cinye su.

Hajiya Binta, Unguwar Rimi:
Sannunku da ƙoƙari. Ni wajen kuɗin zan duba, don duk abin da Baba ya lissafa ba sau ɗaya ake yi ba. Ruwan farar ƙasa kusan duk shekara ne, duba rufi sau biyu a shekara, sanduna kullum ana sa musu ido. Tambayar ita ce wa zai biya. Ɗan haya mai ɗaki ɗaya ba zai biya ba, hukumar da ke karɓar haya 'yar kaɗan ba ta da shi. Abin da Skeens ya gane shi ne tsufan gidan shi ne hajar. Bai rushe ya yi ɗakuna iri ɗaya kamar akwatin ashana ba. Ya bar kowane ɗaki da siffarsa, da gadajen katako masu tsayi irin na can da gidan sauro, da ƙofofi masu sassaƙa. Gidan na cikin mafiya tsayi a birnin, sai ya mayar da can ƙololuwa wurin cin abinci, baƙi su zauna a kan darduma da matasan kai, suna hangen rufin gari da teku, wani lokaci da kiɗan taarab. Wanda bai kwana a gidan ba ma yana zuwa ya biya kuɗin abincin dare. Wannan kuɗin shiga na biyu ne da ba ya buƙatar ƙarin banɗaki ko ɗaya, ku lura da wannan.

Ga misalin lissafi, ba na gidansu ba, na kowane masauki. Ɗaki 12 sau kwana 365 ya ba da 4,380. In an cika kashi 55 cikin ɗari, kwana 2,409 ka sayar. Shafukan intanet masu kawo baƙi suna cire wajen kashi 15 a duk wanda suka kawo. A harkar otal an saba ware kashi 4 ko 5 na kuɗin shiga don sabunta kaya. A tsohon gini irin wannan ni ina ganin ninki biyu ne mafi ƙaranci, a asusu daban wanda mai gida ba ya taɓawa don biki ko sabuwar mota. Masaukin da ke mutuwa ba rashin baƙi ke fara kashe shi ba, cinye kuɗin gyara ne.

Sai kuma yanayi. Babbar daminarsu, masika, Maris zuwa Mayu ce, baƙi na ɗaukewa, masaukai da yawa na rufewa su yi gyara. Ƙaramar, vuli, wajen Nuwamba.

Injiniya Kabiru, Barnawa:
Hajiya, a nan akwai tarko. Lokacin da aljihu ke son gyara ba shi ne lokacin da gini ke so ba. Watan da babu baƙi shi ne watan da ruwa ke zuba, ba a buɗe rufi ko a yi shafen waje a cikinsa. Rufi da indararo a gama su a Janairu da Fabrairu ko da baƙi na ciki, a bar aikin ciki, famfo da waya da katako, ga watannin ruwa. Wanda ya jira Afrilu don ya tsira da kuɗin ɗaki biyu zai biya da bango.

Wuta ma tsibiri ne, daga babban yankin ake jawo ta da waya ta ƙarƙashin teku. Da wayar ta lalace a Disamba 2009, Unguja ta yi wajen wata 3 babu lantarki, sai Maris 2010. Babu wuta, babu famfon tura ruwa sama. Janareta kuma ba a kafa shi a bene ko jingine da tsohon bango saboda girgiza, sai a ƙasa kan nasa dandamali da roba a ƙafafunsa. Wannan kam mu 'yan Kaduna ba sai an koya mana ba.

Aminu, Rigasa:
Duk na ji, amma akwai abin da ke damuna. Kuna ta yabon bango, ina mutanen da ke cikin gidajen kafin a mayar da su masaukai? An fitar da talaka, an shigo da Bature mai dala. Gari na Musulmi, a kan rufin ana shan abin da bai halatta ba, ladan na kira a ƙasa. In wannan ne ceton gida, wa aka ceta wa?

Dakta Hauwa, Malali:
Tambayarka tana kan hanya, kuma su kansu mutanen Zanzibar suna yin ta. Tun da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, gidajen zama da yawa sun koma otal da shagunan tsaraba, haya ta tashi, iyalai sun koma Ng'ambo, unguwannin da ke wajen tsohon birnin, da bayan gari. Dakalin ƙofar gida da suke kira baraza, inda dattawa ke zama shan gahawa kamar dai namu, a wasu lunguna ya zama teburin sayar da kaya. Ba zan rage wa wannan nauyi ba. Abin da zan ƙara shi ne, gidan da aka bari ba gyara shi ma yana korar mutanensa, wani lokaci da asarar rai. Shi Skeens kuma, a yi masa adalci, yana cikin waɗanda suka assasa bikin fina-finai na Zanzibar da makarantar kiɗa ta Dhow Countries Music Academy, inda yaran gari ke koyon taarab da kayan kiɗansu na gado. Hakan bai amsa tambayar wanda aka tasa daga ɗakinsa ba, na yarda.

Hajiya Binta, Unguwar Rimi:
Aminu, masauki ba dole sai da giya ba. A can ma akwai waɗanda ba sa sayar da ita kuma suna cika. Mu kuma saukar baƙi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Fatoma tun zamanin fatake yana sauke baƙo a gidansa, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, iyalinsa na ciki ba su tashi ba. Gidan Hausa ma ya fi nasu dacewa da wannan: zaure da ɗakunan ƙofar gida na baƙi, cikin gida na iyali, shigifa a tsakani. Ɗaki 4 na waje in sun samu gyara za su iya ɗaukar nauyin yaɓen gidan duka, magada na zaune a ciki.

Barista Sadiya, Unguwar Dosa:
Hajiya ta kawo ni inda nake jira. Kalmar "mai gida" a wannan tarihi tana buƙatar taka-tsantsan. A Zanzibar ƙasa ta gwamnati ce, dokar 1992 ta damƙa ta a hannun shugaban ƙasa, baƙo haya ta dogon lokaci yake samu. Gidaje da dama a tsohon birnin kuma wakafi ne, a ƙarƙashin hukumar wakafi, wasu na gwamnati, wasu na magada da ke Oman ko Indiya. Sannan duk gyara sai da izinin hukumar kula da tsohon birnin da aka kafa a 1985. Saboda haka wanda sunansa ke kan allo sau da yawa mai kasuwancin ne, ba mai ginin ba. Shi ya sa suna ke canzawa in abokan kasuwanci sun rabu, kamar yadda Dakta ta nuna, gini kuwa yana nan.

Mu ma dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, takardar mallaka yawanci shekara 99 ce, a Kaduna ta hannun KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar. Duk wanda zai zuba kuɗi a gidan gado, tun ran gini tun ran zane. A tabbatar an raba gadon ko duk magada sun sa hannu, har mata da waɗanda ke nesa, don sa hannun babban wa shi kaɗai ba ya ɗaure sauran. Tsawon hayar ya isa a mayar da kuɗin gyara, shekara 5 ba ta isa ba. A rubuta wa ke da alhakin rufi da bango, da kayan da aka yarda a yi gyara da su, a ambaci hana siminti a kan ginin ƙasa ƙarara. A rubuta makomar suna da kayan ɗaki in an rabu ko ɗaya ya rasu. A nemi izinin sauya amfanin gida daga zama zuwa kasuwanci kafin a sa allo. In wakafi ne kuwa, sharaɗin wanda ya yi wakafin shi ne gaba da komai, sai a tuntuɓi malamai da kotu.

Yusuf Mai Famfo, Kawo:
Barista, a ƙara gobara a takardar. Lungunan tsohon birnin can mota ba ta shiga, balle motar kashe gobara, matakala kuma ta katako ce guda ɗaya. Cikin birnin Zariya ma haka lungunan suke. Tukunyar kashe wuta a kowane hawa, na'urar jin hayaƙi a kowane ɗaki, tukunyar gas a waje, waya duka sabuwa a cikin bututu a saman bango.

Malam Nasiru, Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri. Otal ɗin Durbar na Kaduna da aka gina don bikin al'adu na FESTAC na 1977 kankare ne zalla, ya yi shekaru a rufe, aka rushe shi a Janairun 2020, gidan Sardauna kuwa da ya zama Arewa House yana nan ana shiga ana fita. Baba Tanko, tambaya ta ƙarshe daga wani ɗan zaure da ya turo mini: gidan kakansu soro ne mai zaure biyu, an shafe fuskarsa da siminti shekarun baya, yanzu ya fara kumbura. Su ɓamɓare yanzu ko su jira?

Alhaji Tanko Magini, Zariya:
Kada su taɓa shi ana ruwa, in suka buɗe yanzu ɗanyen bango za su bai wa damina. Abin da za su yi a wannan satin: su hau su share rufin, su gyara indararo ya fito aƙalla taƙi biyu daga bango, su haƙa 'yar kwata ta janye ruwa daga gindin ginin, su tokare azarar zauren daga ciki in akwai wadda ta lanƙwasa, kada kowa ya kwana a ƙarƙashinta. Inda ya kumbura su huda ƙananan ramuka a ƙasan kumburin ruwan da ya taru ya fita. In ruwa ya ɗauke a Oktoba sai a ɓamɓare daga sama zuwa ƙasa, kamu biyu-biyu, a bar shi sati 3 ya sha iska, a cike ramukan da ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa ta kwana, sannan makuba hawa biyu. Su turo hoton gindin bangon da na ƙarshen azarar ta ciki, in gani ko tubalin ƙasa ya ci, don in ya ci aikin ya wuce yaɓe.